Ɗigon Mai a Hanci: Al'adar Rigakafi ta Mutanen Indiya da Darasin da Ke Cikinta

A ƙasar Indiya akwai wata tsohuwar al'ada ta kula da lafiya wadda har yanzu likitocin gargajiya na ƙasar suke koya wa jama'a. Da safe, bayan mutum ya goge haƙoransa, sai ya ɗiga ɗigo biyu na man riɗi ko soyayyen man shanu a kowace kafar hanci, ya shaƙa a hankali, sa'an nan ya shiga hidimarsa ta yini. Ba sai mutum yana ciwo ba, lafiyayye ma ake so ya riƙa yi kullum, domin a ganinsu wannan yana tsare kai da wuya da ido da kunne daga cututtuka tun kafin su zo. Sunan wannan aiki a wurinsu shi ne nasiya.

Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wannan al'ada saboda dalilai biyu. Na farko, magungunan gargajiya na Indiya sun shigo kasuwanninmu, kuma tallarsu tana iso mu ta wayoyin hannu. Na biyu, mu ma a nan idan hunturu ya kama, hanci ya bushe, yara suka fara haɓo, abin da hannu ya fara kaiwa gare shi shi ne mai, ko man kaɗanya, ko man shanu, ko man zaitun. Saboda haka abin da aka gano game da al'adar Indiyawa, amfaninta da haɗarinta, ya shafi gidajenmu, musamman ma jariranmu.

Inda al'adar ta samo asali

Ilmin maganin gargajiya na Indiya ana kiransa Ayurbeda, wato ilmin rayuwa a harshen Sanskirit, tsohon harshen da malaman ƙasar suka yi rubuce-rubucensu da shi. Manyan littattafansa uku ne. Akwai na Caraka, wanda masana suke ganin an tsara shi wajen shekara 2,000 da suka wuce, sai na Sushuruta wanda ya yi suna wajen bayanin aikin fiɗa, sai kuma na Bagbata wanda aka rubuta wajen ƙarni na 7 bayan haihuwar Almasihu. Duk ukun sun yi magana a kan sa magani ta hanci.

Bisa ga koyarwarsu, abubuwa uku ne suke tafiyar da jikin ɗan Adam, waɗanda suke kira dosha. Za mu iya kwatanta su da iska, da zafi, da danshi. Idan ukun nan suka daidaita mutum yana lafiya, idan ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya taso. Danshi, wato majina da danginta, mazauninsa ƙirji ne da kai. Iska kuwa ita ce mai kawo bushewa da tsagewa da sanƙarewar gaɓoɓi, kuma babban abin da ke kwantar da ita shi ne mai. Da yake sun ɗauki hanci a matsayin mashigar da ta fi kusa da cikin kai, sai suka ce duk ciwon da yake daga wuya zuwa sama, ta hanci ya kamata a bi masa da magani.

Wani abin lura shi ne littattafan nan ba su tsaya ga warkar da marar lafiya kaɗai ba. Sun tsara wa lafiyayye yadda zai tafiyar da yininsa: ya tashi da asuba, ya goge haƙori da reshen itace kamar yadda muke yi da asuwaki, ya sa kwalli, ya ɗiga mai a hanci, ya kuskure baki, ya shafa mai a jiki, ya motsa jiki, ya yi wanka. Ashe ke nan karin maganar nan tamu ta rigakafi ya fi magani, su ma sun daɗe da riƙe ma'anarta.

Babbar nasiya da ƙarama

Bagbata ya raba sa mai a hanci gida biyu bisa ga yawan man da ake sawa. Akwai babba, wadda suke kira marsha. Wannan aikin likita ne, kuma tana cikin manyan ayyuka biyar na tsabtace jiki da ake kira pancakarma. Sai an shafa wa mutum mai a fuska da wuya, an gasa masa da ɗumi, sa'an nan ya kwanta rigingine a ɗan sauke kansa baya, a ɗiga masa mai mai ɗumi ɗigo 6, ko 8, ko 10 a kowace kafa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ya gangaro maƙogwaro ba a haɗiyewa, tofarwa ake yi, daga bisani ya kuskure da ruwan ɗumi. Ba a wuce kwana bakwai ana yi a jere, kuma ba a yi wa yaron da bai kai shekara 7 ba, ko tsohon da ya haura 80.

Ƙaramar kuwa, wadda suke kira firatimarsha, ita ce ta kullum, kuma ita ce muke magana a kanta. Ɗigo biyu ne kawai a kowace kafa. Har ma'aunin ɗigon sun bayyana: mutum ya tsoma yatsan da yake nuni da shi cikin mai har gaɓa biyu, abin da ya ɗiga daga yatsan idan ya ɗaga shi, shi ne ɗigo ɗaya. Sushuruta ya lissafta lokatai 14 da suka dace a yi ta, Bagbata kuma ya kawo 15. A cikinsu akwai lokacin tashi daga barci, da bayan goge haƙori, da bayan doguwar tafiya, da bayan motsa jiki, da bayan cin abinci, da kuma maraice. Sushuruta ya haɗa da lokacin da mutum zai fita daga gida, dalilinsa kuwa shi ne hanci mai laima ya fi jure ƙura da hayaƙi.

Man da suka fi yabawa shi ne man riɗi. Akwai kuma wani haɗi da ya yi suna ƙwarai, anu taila, wanda har yau kamfanoni suke yi suna sayarwa. Yadda aka bayyana haɗa shi, ana tara itatuwa da saiwoyi masu yawa, irin su icen sandal, da kirfa, da wata saiwa 'yar'uwar kajiji, a dafa su cikin ruwan sama mai yawa har ruwan ya ƙone ya rage kashi ɗaya cikin goma. Sa'an nan a riƙa ɗibar ruwan maganin ana dafa shi da man riɗi har sau goma, a dahuwa ta ƙarshe a zuba nonon akuya. Amfanin da suka ce ana samu yana da yawa: ƙarfin gani da ji da sansana, murya mai daɗi, haƙora masu ƙarfi, jinkirin furfura da sanƙo, da tsari daga ciwon kai da sanƙarewar wuya.

Amma fa ko ƙaramar ma sun yi mata iyaka. Bagbata ya hana ta ga mai tsohuwar mura wadda ta ruɓa, da wanda ya sha giya, da mai raunin ji, da wanda ciwo ya riga ya tasar masa da ƙarfi. Wato tsofaffin likitocin da kansu ba su ɗauki abin da wasa ba, sun ƙayyade yawa, sun ƙayyade lokaci, sun kuma faɗi waɗanda bai kamata su yi ba.

Matsayinta a Indiya ta yau

A Indiya, Ayurbeda sana'a ce da gwamnati ta amince da ita. Akwai kwalejoji inda ɗalibi yake shekara biyar da rabi kafin a ba shi digiri, akwai asibitocin gwamnati da na masu zaman kansu. A jihar Kerala da ke kudancin ƙasar, a garin Kottakkal, akwai wata cibiya da wani likitan gargajiya mai suna P. S. Varier ya kafa tun 1902, wadda har yau take haɗa magunguna tana kuma kwantar da marasa lafiya. A shekarar 2014 gwamnatin tarayyar Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai suna AYUSH domin kula da magungunan gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta maganin gargajiya a garin Jamnagar na jihar Gujarat.

Lokacin da annobar korona ta ɓarke a 2020, ma'aikatar AYUSH ta fitar da shawarwari ga jama'a, a ciki har da shafa man riɗi ko man kwakwa ko man shanu a kafofin hanci safe da yamma. Wannan ya sa al'adar ta ƙara bazuwa har wajen ƙasar. Sai dai ma'aikatar da kanta ta rubuta a ƙarshen sanarwar cewa shawarwarin ba maganin cutar ba ne. Kuma a watan Janairu na 2021 Indiya ta fara yi wa jama'arta allurar rigakafi, har ta wuce allura biliyan 2 a watan Yuli na 2022. Ƙasar da ta haifi al'adar ke nan, da annoba ta zo ba ta dogara ga ɗigon mai ba.

Abin da binciken zamani ya nuna

Domin mu gane inda gaskiyar al'adar take, sai mu dubi aikin da Mahalicci ya ba hanci. Babban mutum yana shaƙar iska wajen lita 10,000 a yini. Kafin iskar nan ta kai huhu, hanci ne yake ɗumama ta, ya jiƙa ta, ya tace ƙurar da ke cikinta. Cikin hanci yana shimfiɗe da wata tattausar fata mai fitar da majina, a kanta kuma akwai waɗansu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna tura majinar, tare da ƙura da ƙwayoyin cutar da ta kama, zuwa maƙogwaro inda ake haɗiye ta ba tare da an sani ba. Idan iska ta bushe ƙwarai, fatar nan takan bushe ta tsage, tasono ya daskare, ƙananan jijiyoyin jini da ke gaban bangon da ya raba kafofin biyu su fashe. Asalin yawancin haɓo ke nan.

A kan wannan matsala ta bushewa, bincike ya goyi bayan man riɗi. A shekarar 2001 waɗansu likitoci a ƙasar Suwidin suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 79 masu fama da bushewar hanci a lokacin sanyi. Kowannensu ya yi mako biyu yana fesa tataccen man riɗi, ya kuma yi mako biyu yana fesa ruwan gishiri. Sakamakon ya nuna man riɗin ya fi rage bushewa da tasono da toshewa. Mu ma a nan gida, a 1979 wani masani a Jami'ar Legas ya buga wani ɗan ƙaramin bincike da ya nuna shafa man kaɗanya a cikin hanci yana sauƙaƙa toshewa. Saboda haka iyayenmu mata da suke shafa man kaɗanya a hunturu ba a banza suke yi ba.

Batun cewa hanci hanya ce ta kai magani cikin jiki, shi ma yana da tushe. Fatar cikin hanci cike take da jijiyoyin jini, shi ya sa magani yakan shiga jini da sauri ta nan. A yau akwai maganin ciwon ɓarin kai, da na tsayar da farfaɗiya, da rigakafin mura, waɗanda ta hanci ake fesa su. Jijiyoyin sansana kuma suna ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji su shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Iyakar abin da aka tabbatar ke nan: mai yana laushe busasshen hanci. Sauran alkawuran, wato hana furfura, da ƙara gani, da tsare mutum daga annoba, magana ce ta littattafan dā da ta 'yan talla, babu ingantaccen gwaji da ya tsaya musu.

Haɗarin da ke kan jarirai

A nan ne muke roƙon iyaye mata da kakanni su karanta da natsuwa. Bagbata ya ce ƙaramar nasiya ta dace da mutum tun daga haihuwa har mutuwa. A kan wannan magana likitocin yara na zamani, har da na Indiya, sun saɓa masa, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce.

Idan ruwa ya sarƙe mutum, nan take yakan yi tari ya fitar da shi. Mai kuwa santsi gare shi, yakan sulale ya bi maƙoshi ya gangara cikin huhu ba tare da ya ta da tari sosai ba. Huhu ba shi da hanyar narkar da mai yadda ciki yake yi, don haka sai man ya taru a ƙananan jakunkunan iska, wurin ya kumbura, a kwana a tashi ya zama tabo. Wannan shi ne ciwon huhu na mai. Wani likita a ƙasar Kanada mai suna Laughlen ne ya fara bayyana shi a 1925, bayan ya ga mai a huhun yaran da aka riƙa ɗiga wa maganin mai a hanci da maƙogwaro. A wancan zamani a asibitocin Turawa ma ana yin haka, sai da wannan ciwo ya bayyana aka daina.

A 1973 wani likita ya buga rahoto a kan jarirai da yara a kudancin Indiya da suka kamu da wannan ciwo ta dalilin al'adar wanke musu baki da hanci da man riɗi. A shekarun 1990 kuma likitoci a garin Abha na ƙasar Saudiyya suka ba da rahoton yaran da suka kamu saboda ɗura musu man shanu, ko ɗiga musu man zaitun a hanci. Abin da ya sa ciwon yake da wuyar ganewa shi ne yana kama da sauran ciwon huhu: tari da ya ƙi ƙarewa, numfashi da sauri, zazzaɓi mai zuwa yana komawa, yaro ya ƙi ƙiba. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, shiru. Wani lokaci har a zaci tarin fuka ne. In ba uwa ta gaya wa likita cewa ana sa wa yaron mai ba, zai yi wuya a gano bakin zaren.

Jariri ya fi kowa shiga haɗarin nan domin a kwance ake sa masa, yana kuka yana fizge-fizge, kuma haɗiyarsa ba ta gama ƙwarewa ba. Bayansa sai tsofaffi, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, da mai farfaɗiya, da duk wanda abinci yake yawan sarƙewa. Kitsen dabba irin su man shanu ya fi man tsiro ƙona huhu, man da aka samo daga fetur kuwa, irin na shafawa a jiki, jiki ba ya iya narkar da shi ko kaɗan.

A kula da kwalaben kasuwa

Akwai kuma batun abin da ke cikin kwalbar da aka saya. Wani reshe na maganin gargajiyar Indiya yana haɗa magani da ƙarafa da gangan. A 2004 waɗansu likitoci a birnin Boston na Amurka suka sayi magungunan Ayurbeda iri 70 daga kantuna suka auna su, sai suka sami dalma, ko zaiba, ko gubar arsenik a cikin 14, wato ɗaya cikin kowane biyar. Da suka sake gwajin a 2008 da waɗanda ake saye ta intanet, sakamakon kusan ɗaya ne. Ba muna cewa kowane man hanci na Indiya yana da guba ba ne. Abin da muke cewa shi ne duk maganin da ba shi da lambar rajistar hukumar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewarsa ba, kada a sa shi a hanci, kada a sha, kome daɗin bakin mai talla. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

Mai bi da maganin da ya fito daga wani addini

Tambayar da 'yan'uwa da dama za su yi ita ce, ko ya halatta mai bin Almasihu ya taɓa irin wannan magani? Tambaya ce mai kyau, domin littattafan Ayurbeda sun danganta asalin ilminsu ga allolin addinin Hindu, kuma a asibitocinsu da yawa akan ga siffar Danwantari, wanda suke ɗauka allahn magani.

Littafi Mai Tsarki bai ƙyamaci magani ba. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Basamariyen nan na cikin misalin Ubangijinmu da mai da ruwan inabi ya yi jinyar raunukan mutumin da 'yan fashi suka sassara. Luka, marubucin Bishara, likita ne. Riɗi kuwa Allah ne ya halicce shi, a gonakinmu na Binuwai da Nasarawa da Jigawa ma muna noma shi, kuma ba ya zama na wani gunki don kawai waɗansu sun rubuta amfaninsa a littafinsu. Abin da mai bi zai guje wa shi ne duk inda aka haɗa magani da roƙon wani abin bauta, ko karanta waɗansu kalmomi na tsafi, ko hadaya. Manzo Bulus ya yi wa Korantiyawa da Romawa doguwar koyarwa a kan irin wannan, inda ya nuna cewa mai bi yana da 'yanci, amma ya kula da lamirinsa da na ɗan'uwansa mai rauni. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya bari, ba abin da ya rasa.

'Yan'uwanmu masu bi na Indiya sun riga mu fuskantar wannan tambaya. A jihar Kerala, inda Ayurbeda ta fi ƙarfi, Kirista sun kai wajen kashi 18 cikin 100 bisa ga ƙidayar 2011, kuma Ikkilisiyarsu tana danganta kafuwarta ga Manzo Toma. Da yawansu suna amfani da man gargajiya da ganyayen ƙasarsu, suna kuma riƙe da bangaskiyarsu. Tun tsakanin 1678 da 1693 aka buga wani babban littafi mai juzu'i 12 a kan tsire-tsire fiye da 700 na yankin, wanda wani gwamna Baholande ya shirya da taimakon likitan gargajiya Itty Achudan da wani limamin Katolika, Fada Matiyu. A garin Belor kuma, 'yar mishan Ida Scudder ta buɗe ɗakin shan magani mai gado ɗaya a 1900, wanda ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan asibitocin koyarwa na Indiya. Ikkilisiya a can ta girmama ilmin ganye na mutanen ƙasa, ta kuma kawo asibiti inda ake auna kowane magani a ga ko yana aiki.

Wannan ya kawo mu ga wani abu na cikin gidanmu. Wasiƙar Yakubu ta umurci dattawan Ikkilisiya su yi wa marar lafiya addu'a suna shafa masa mai. Shafawa aka ce. Amma a waɗansu wurare yanzu akan ɗura wa jariri man zaitun da aka yi wa addu'a, ko a ɗiga masa a hanci. Muna roƙon fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata su tsawata a kan wannan. Huhun jariri ba ya bambanta man da aka yi wa addu'a da wanda ba a yi wa ba, kuma mun ga abin da man zaitun ya yi wa yara a Saudiyya. A shafa a goshi, a yi addu'a da bangaskiya, sa'an nan a kai yaro asibiti.

Hunturu, haɓo da sanƙarau

Ga babban mutum mai lafiya wanda hancinsa yake bushewa a lokacin hunturu, babu laifi ya lakaci ɗan man riɗi ko man kaɗanya mai tsabta da wankakken yatsa, ya shafa a bakin kafar hanci daga ciki. Ya yi haka a zaune ko a tsaye, ba dab da kwanciya barci ba, kuma kaɗan ya isa. Wanda riɗi yake sa wa ƙaiƙayi ko kumburi kada ya yi. Ga yara kuwa, ruwan gishirin ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kantin magani shi ya fi, domin ko ya gangara ba ya taruwa a huhu. Man zafi mai kafur ko mantoleta ba a cusa shi cikin hanci, kuma ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Idan haɓo ya zo, mutum ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya matse tattausan wurin hanci minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Ɗaga kai sama yana sa jinin ya gangara ciki ne kawai. In jinin ya ƙi tsayawa, sai asibiti.

Masana sun lura cewa busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar hanci da maƙogwaro, wannan yana cikin dalilan da suka sa sanƙarau yake tashi a ƙasashenmu daga hunturu zuwa bazara. Kada wannan ya sa wani ya ɗauka ɗigon mai zai tsare iyalinsa daga sanƙarau. Waɗanda suka ga shekarar 1996 ba za su manta ba, lokacin da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa. Abin da ya karya lagon irin sanƙarau da ya yi wannan ɓarna shi ne allurar rigakafin da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka kawo Nijeriya a 2011. A 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Alluran nan biyu, kamfanin Serum Institute da ke birnin Pune ne ya yi su, wato daga Indiya suka fito, ƙasar da ta ba duniya nasiya.

Saboda haka idan ma'aikatan lafiya suka zo unguwa ko harabar majami'a da allurar rigakafi, mu fito da yaranmu. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, kada a tsaya shafe-shafe, a garzaya asibiti a ranar, domin sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Tsofaffin likitocin Indiya sun koyar da cewa mutum ya kula da jikinsa kowace safiya tun bai kwanta ciwo ba, kuma ya yi kome da ma'auni. Wannan koyarwa ce mai kyau, ta kuma dace da mu da muka gaskata cewa jikinmu amana ce daga wurin Allah. Mu ɗauki wannan, mu bar abin da bincike ya nuna yana cutar da ƙananan yara, mu kuma isar da saƙon ga waɗanda ba su sami karanta wannan shafi ba, a taron zumunta da wajen suna da gaisuwar maijego. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya kiyaye mu da iyalanmu, ya ba masu jinya sauƙi. Amin.